Bindigar Gwanjon Da Na Tsaya Wa A Manfuha

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. A shekarun da abin da zan faɗa ya faru, ni direban gida ne a birnin Riyad, a wata tsohuwar unguwa ta tsakiyar gari da ake kira Murabba. Kafin in bar Najeriya na yi aiki a wani gidan rediyon jiha, ina fassara labarai ina karanta su, har lokacin da albashi ya daina kai mu ƙarshen wata, na bi sahun masu tafiya Saudiyya neman abinci. Ina da ɗan Larabcin Islamiyya, na ƙara shi a kan hanya. A wancan lokacin ina ganin kaina mutum mai taka-tsantsan, domin a ɗakin labarai an koya mana kada mu saki magana sai mun ji ta daga baki fiye da ɗaya. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Waɗansu daga cikin mutanen suna can har yanzu, kuma ba don in tona musu asiri na rubuto ba.

Kafilina, wato wanda takardar zamana ta iƙama take ƙarƙashin sunansa, tsoho ne mai sanyin hali, idanunsa sun fara rauni, gwiwoyinsa kuma sun gaji. Ina kiransa ammi, kamar yadda ake kiran baffa a can. Aikina in kai shi masallaci da asibiti, wani lokaci gonarsa ta dabino a bayan gari. Amma ragamar gidan tana hannun babban ɗansa, mutum mai ƙarancin magana, wanda ba ya barin komai a zube. Tun da aka ba mata izinin tuƙi, 'yan matan gidan da surukai suka sayi motocinsu, aikin direba ya ragu. Mu biyu ne a da, aka sallami ɗayan. Wata rana kuma na ji ɗan yana gaya wa ƙanwarsa a tsakar gida cewa idan wa'adin iƙamata ya cika za a duba ko akwai sauran buƙata. Bai san ina bayan mota ina goge ta ba, ko kuma ya sani. Daga ranar na fara neman abin da zan yi wa tsohon nan wanda zai sa ya ce ba ya son rabuwa da ni, domin iyalina da iyayena a gida da wannan takarda suke cin abinci.

Tsohon yana son hirar farauta. Idan sanyi ya shigo, mutanen gari suka fara fita sahara suna kafa tantuna, sai ya zauna a gefena a mota yana ba ni labarin yadda mahaifinsa yake fita da su da shaho da wata doguwar bindiga mai baki biyu. Bindigar ta tafi hannun wani ɗan'uwansa a rabon gado, daga can kuma ba a san inda ta shiga ba. A ɗakin da yake karɓar baƙi akwai takubba da tsofaffin butocin gahawa a jikin bango, kuma ya sha cewa abu ɗaya ne ya rage wa bangon.

Ranar Juma'a ce ranar hutuna, kuma a Manfuha nake yin ta, unguwar da 'yan ƙasarmu da yawa suke haya, mutum da yawa a ɗaki ɗaya. A nan na san wani mai sana'ar gwanjo, ɗan wani gari kusa da namu. Idan masu gida za su tashi, sai ya sayi tarkacensu gaba ɗaya, kujeru da katifu da tukwane, ya kai kasuwar haraj, inda ake sayar da tsofaffin kaya. Kowa Alhaji yake ce masa. Mutum ne mai fara'a da sakin hannu, ba a rasa tuwo a ɗakinsa bayan sallar Juma'a, kuma in baƙo ya sauka ba shi da wurin kwana, wurinsa ake kai shi. Wata Juma'a bayan an watse, ya ce in biyo shi sama zuwa ɗakin ajiyarsa. Ya ja ƙofa, ya jawo wata naɗaɗɗiyar darduma daga bayan wata tsohuwar firji, ya warware ta a ƙasa. Bindigar farauta ce mai baki biyu, ƙotarta baƙin katako mai sheƙi, ƙarfen yana da zane-zane, tana ƙanshin man da aka shafa mata kwanan nan. Ya ce in ɗauka in ji nauyinta. Na ɗauka, na juya ta, na shafa katakon. Shi yana tsugune yana riƙe da bakin darduma.

Ya ce wata mata ce da mijinta ya rasu, a arewacin gari, za ta koma gidan 'yarta, ta sayar masa da duk abin da ke ɗakin marigayin. Sai da ya kawo kayan ya ga bindigar a bayan kabad. Ya ce shi baƙo ne, ba zai iya fita da ita haraj ba, ba ya kuma son ta daɗe a wurinsa. Abin da yake nema shi ne ɗan ƙasa mai sha'awar kayan da, kuma ya tuna ni nake tuƙa manya. Ina sauka daga benen zuciyata ta riga ta kai bindigar bangon maigidana.

Washegari a hanyar asibiti na kawo wa tsohon maganar, kamar labari kawai. Sai ya shiga tambayata launin katakon da tsawon bakin, muryarsa ta canza kamar ta saurayi. Da muka tsaya a gaban asibitin ya riƙe hannuna kafin ya fita. "Ɗana, ka tabbatar mini ba ta sata ba ce. Ban ci haram ina da ƙarfi ba, ba zan rataye shi a bango ina tsoho ba." Ya ƙara da cewa kada in gaya wa babban ɗansa tukuna, don zai ce wauta ce.

A nan ne ya kamata in tsaya. Na ga lambar da aka sassaƙa a jikin ƙarfen, a ƙarƙashin bakin. Na kuma san cewa a ƙasar duk bindigar da ke da lasisi, lambarta da sunan mai ita suna wurin hukuma, kuma wadda aka sace in an kai rahoto tana nan a rubuce. Wurin tambaya ɗaya ne, ofishin shurɗa, wato 'yan sanda. Na yi tunanin zuwa. Amma da na ƙaddara kaina, baƙin direba ɗan Afirka, ina tsaye a gaban kanta ina karanta lambar bindiga, sai na san tambayar farko da za a yi mini ita ce a ina na gan ta. Amsar kuwa tana nufin in kai su ɗakin mutumin da na ci tuwonsa, a benen da rabin mazaunansa ba sa son jin ƙarar motar hukuma. Da na yi haka da ba ni da sauran wurin zama a Manfuha. Zan iya gaya wa tsohon ya sa ɗansa ya tambaya, amma ya ce kada ɗan ya sani, ni kuma so nake in zama wanda ya kammala aikin da kansa.

Sai na koma ga hanyar gida. A garinmu in baƙo ya kawo bijimi kara, wato kasuwar shanu, ba wanda zai tsaya tambayar bijimin inda ya fito. Abin da ake tambaya shi ne wa ya san mai shi. In mai masaukinsa ya ce ya san shi, dillali ya ce ya san gidansu, aka sami dattijo ya sa baki, to ciniki ya halatta, kuma in rigima ta taso daga baya akwai wanda za a riƙe. Da wannan na tashi, kuma na ga tana aiki. Na ce a raina zan bincika mutumin, in mutumin ya tsarkaka, kayansa sun tsarkaka.

Na fara da dattijon da yake shugabantar 'yan yankinmu a unguwar, wanda ake kai wa sulhu in an yi faɗa, ake kuma tara gudummawa a hannunsa in an yi rashi. Na tambaye shi halin mai gwanjon, na gaya masa dalili. Ya ce ya san mahaifinsa tun suna samari, kuma a gidansu ba a taɓa samun ɓarawo ba. Ya ce shi ma ya ji labarin matar da mijinta ya rasu. Na je wurin wani ɗalibin jami'a da yake karantar da 'yan unguwar littafi ranar Juma'a, ya ce bai taɓa ganin Alhaji ya bar sallar jam'i ba, kuma labarin kayan marigayin ya zo kunnensa. Na nemi mai motar da take yi masa dakon kaya, ya ce gidajen da suke shiga suna da yawa, ba zai iya tuna kowanne ba, amma tabbas an yi wani kwashe a arewacin gari, kuma Alhaji ya ce masa na mai takaba ne. Na dawo ina jin na yi aiki irin na ƙwararru.

Duk da haka na ce wa mai gwanjon ya kai ni wurin matar in ji daga bakinta. Ya yi dariya ya ce ta riga ta koma Jidda, kuma ko tana nan, a wace ƙasa nake zaton muke da baƙin namiji zai buga ƙofar mai takaba yana tambayar bindiga. Wannan gaskiya ce, na kuma karɓe ta. Na sake ɗaukar bindigar ina dubawa a hasken taga, na ga waɗansu ƙananan ramuka a gefen ƙotar, da wani wuri da katakon ya fi sauran haske, kamar an ɓanɓare wani abu. Na nuna masa. Ya ce tsohon kaya ba ya rasa tabo. "Malam ɗan jarida, in hira za ka yi da ita, ga ta nan, tambaye ta. Ni dai abin da na sani na faɗa maka." Daga nan ya ce in kira dattijon. Da ya hau, mai gwanjon ya yi alwala, ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani, ya rantse cewa bai sace ta ba, kuma bai san an sace ta ba. Dattijon ya dube ni ya ce bayan wannan kuma sai neman fitina.

Bayan la'asar na biya shi da kuɗin da tsohon ya ba ni, na sa bindigar a bayan motar maigidana, a cikin dardumarta. A kan hanya na tarar da shingen bincike, ana duba takardun mutane. Motoci suna matsawa a hankali, ina jin gumi yana bin bayana duk da sanyin garin. Jami'in ya duba iƙamata, ya duba motar, ya ɗaga mini hannu. Na wuce ina hamdala, ina ɗaukar wannan alama ce ta cewa abin da nake yi daidai ne. Ban tsaya na tambayi kaina ba, in daidai ne, me ya sa tsoro ya kama ni a shingen.

Tsohon ya karɓe ta da hannu biyu, ya kai ta kusa da idonsa, ya shinshina ta, har ƙwalla ta cika masa ido. Ya tambaye ni ko na bincika. Na ce na bincika daga bakin mutum uku, an kuma rantse a gabana. Sannan na faɗi maganar da har yau nake jin ta a kunnena. Na ce masa tsarkakakkiya ce, kuma a wuyana. Ya sa na rataye ta a tsakanin takubba, ya ce muddin yana numfashi ba wanda zai kore ni daga gidan. Na kwana ina ganin na gama da zancen iƙama.

Babban ɗan ya gan ta da ya shigo gaishe da mahaifinsa. Ina tsaye a bakin ƙofa da butar gahawa. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki lokaci yana kallonta, ya sa hannu a aljihu ya fito da waya, ya matsa ya ɗauki hoton lambar ba tare da ya taɓa ƙarfen ba. Ya gaya wa mahaifinsa a hankali cewa doka ba ta yarda a ajiye ta haka ba, dole a nema mata lasisi da sunansa, kuma shi zai je da kansa. Da muka fito tsakar gida ya tambaye ni wa ya sayar. Na ce wani Alhaji ne ɗan ƙasarmu, sananne a Manfuha. Ya ce sunansa na cikin fasfo yake nufi, da lambar iƙamarsa, da sunan kafilinsa. Na san garinsu, na san unguwarsu, na san sana'ar mahaifinsa, amma ban san ko ɗaya daga cikin abin da aka tambaye ni ba. Ya gyaɗa kai ya shiga mota.

Kwanakin da suka biyo baya babu abin da ya faru, kuma wannan ne ya fi komai nauyi. Ina kai tsohon masallaci ina dawo da shi, yana ta shirin gayyato abokansa su zo su ga bindiga. Ɗan yana amsa gaisuwata da ka kawai. Na lura an karɓi makullin mota daga hannuna ana ajiye shi a ciki bayan kowace fita, abin da ba a taɓa yi ba. A cikin wannan hali na sake yin kuskure. Na buga wa mai gwanjon waya na gaya masa an kai lambar wurin hukuma, ina so in ji ya ce ba komai. Ya ce ai ba matsala, Allah ya kaimu Juma'a mu yi magana. Ranar Juma'a na tarar da kwaɗo a ƙofar ɗakin ajiyarsa, katifarsa babu ita a ɗakin kwanansa, wayarsa a kashe. Babu tuwo a ranar, kuma mutanen da muke zama tare suna ganina sai kowa ya tuna wani uzuri.

Na je wurin dattijon. Ya bar ni a tsaye, abin da ba ɗabi'arsa ba ce. Na ce masa ai shi ne ya tsaya wa mutumin nan a gabana. Ya ce: "Malam, ni cewa na yi na san ubansa. Bindiga kuwa ku kuka gan ta, ku kuka ɗauke ta." A bakinsa na ji cewa mai gwanjon ya daɗe da gudu daga wurin kafilinsa, takardunsa sun mutu shekaru da suka wuce, kuma kowa a benen ya sani. Ya roƙe ni don Allah, in an tambaye ni, kada in kawo hukuma gidan, akwai masu iyali. Na sauko ina tafiya a titin Manfuha da rana tsaka, shaguna a buɗe, ana ta ciniki, ni kuwa ina jin kamar an riga an rufe ni a ɗaki.

Wata rana da hantsi jami'an shurɗa suka zo, ina wanke mota. Mutum biyu ne cikin farar riga, suka yi sallama, suka tambayi sunana, suka ce in ɗauko iƙamata in biyo su. Ba wanda ya ɗaga mini murya a ranar ko bayanta. Jami'in da ya yi mini tambayoyi ya sa aka kawo mini ruwa, sannan ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa. Hoton bindigar ne, amma a gefen ƙotarta akwai wani ɗan falle na azurfa da aka rubuta sunan wani gida a jiki, daidai inda na ga ramukan nan. Ya ce an sace ta ne a shekarar da ta gabata, daga wani gidan gona a bayan gari, tare da waɗansu kaya. Ya ce waɗanda suka shiga sun bugi maigadin wurin a ka, wani dattijo baƙo kamarmu, kuma tun daga lokacin ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya iya magana balle ya ce ga wanda ya buge shi. Ya ƙara da cewa an duba ƙarfen da katakon, an sami zanen yatsun mutum biyu, na maigidana da nawa. A lokacin na tuna cewa duk zaman da muka yi a ɗakin ajiyar nan, ban taɓa ganin mai gwanjon ya taɓa bindigar da fatar hannunsa ba.

Ya tambaye ni yadda ta zo hannuna, na ba shi labarin daga farko. Na gaya masa binciken da na yi, da mutum ukun, da rantsuwar. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya tambaye ni ko a cikin ukun akwai wanda ya ga matar da idonsa. Na ce babu. Ya ce ko akwai wanda ya ga bindigar tana fitowa daga gidanta. Na ce babu. Ya ce to daga wa suka ji labarin. Bai jira amsata ba, ya ci gaba da rubutu. Ni da na yi shekaru ina gyara wa sababbin ma'aikata labari, na zagaya unguwa na ji maganar mutum ɗaya daga baki uku, na kira ta tabbaci.

Aka tsare ni. Abin da ake tuhumata da shi ya wuce riƙe bindiga, ana maganar fashi da raunata mutum, kuma wanda zai iya cewa shi ya ba ni ya ɓace. Ba ni da sunansa da zan bayar. Na ba da kwatancen ɗakin ajiyar don ba ni da wata mafita, aka je aka tarar da tsohuwar firji da tarkace. Na ji daga baya cewa zuwan nan ya sa an kama waɗansu marasa takarda a benen, kuma har yau akwai masu riƙe da ni a zuciya. Daga Manfuha ba wanda ya zo ya ce ya san ni. A farkon tsarewar na ji haushinsu ƙwarai, daga baya na gane cewa mutumin da ba zai iya nuna takardarsa a ƙofa ba, ba shi da yadda zai tsaya wa wani. Bayanin da babban ɗan ya bayar kuwa gajere ne, cewa direba ne ya kawo ta, mahaifinsa tsoho ne ba ya gani sosai. Babu ƙarya a ciki, amma ya bar ni ni kaɗai da bindigar. Na yi makonni ina kwana ina tashi da tunanin cewa zan iya tsufa a wurin nan saboda dukan mutumin da ban taɓa gani ba.

Tsohon ne ya fitar da ni daga wannan ramin. Ba da son ɗansa ba, ya sa aka kawo shi a keken marasa lafiya, ya gaya wa masu bincike cewa shi ya nuna yana so, shi ya aike ni. Da aka gaya masa cewa a goman ƙarshe na azumin bara aka yi fashin, ya ce a lokacin a Makka muke, ni nake tura shi a keke zuwa Harami ina dawo da shi masauki. Aka bincika aka tarar haka ne. Zancen fashi ya faɗi. Amma ɗaukar makami ba da izini ba, da yawo da shi a mota, wannan ni na yi da hannuna, babu mai wanke ni. Aka yanke mini zaman gidan yari, bayansa a mayar da ni ƙasata, ba dawowa. Tsohon ma bai tsira ba, an hukunta shi daidai nasa, sunan gidansa kuma ya shiga bakin mutane.

An bar shi ya gan ni sau ɗaya kafin a wuce da ni. Ya rame, muryarsa ta yi ƙasa. Na fara ba shi haƙuri ya ɗaga hannu. "Na ce ka bincika, ban gaya maka inda za ka bincika ba. Laifin namu ne mu biyu, ɗana." Gaskiya ne bai gaya mini ba, amma ni na san wurin. Tun ranar da na ga lambar na san shi.

Na dawo gida da kayan jikina da wata 'yar jaka. Matata ta tarbe ni ba ta tambaye ni komai ba sai bayan kwanaki. Yanzu ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta, muna rufa wa kanmu asiri. Ban sake jin ɗuriyar mai gwanjon ba. Ban sani ba ko yana cikin waɗanda suka shiga gidan gonar, ko shi ma saya ya yi daga wani ya ƙirƙiro mai takaba don ya rabu da ita. Gidansu ba shi da nisa da garinmu, ban je ba, don ban san abin da zan ce wa tsohuwarsa ba. Wanda ya fi zuwa mini a rai shi ne maigadin nan. Shi ma neman abinci ya kai shi, kuma abin da aka buge shi dominsa na ɗauka na shafa ina yaba kyan katakonsa.

Abin da na koya shi ne, sanin mutum daban, sanin kayan da ke hannunsa daban. Mutum yana iya zama mai sallah mai kyauta, ɗan gidan mutunci, kayan da ya miƙo maka kuma su zo da jinin wani a jikinsu, ko ya sani ko bai sani ba. Shaidar 'yan'uwa tana da amfani a inda mai shaidar zai iya fitowa fili a riƙe shi. A ƙasar da kowa yake lallaɓa takardarsa, shaidar tana ƙarewa a bakin ƙofar bene. Don haka ina kira ga 'yan'uwana da ke zaune a ƙasashen mutane, da masu shirin tafiya. Makami ba kayan gwanjo ba ne irin kujera da tukunya. In an nuna maka, kada ka taɓa, kada ka ɗauka, kada ka shiga tsakani don neman fada a wurin maigida, ko da kuwa zamanka ya rataya a kan yardarsa. Duk abin da ke da lamba a jikinsa, akwai masu riƙe da labarinsa, kuma su kaɗai ne za su iya gaya maka ko na sata ne. In ka ga kana tsoron kai musu tambayar, kana neman wata hanya ta bayan gida, to ba sauran abin da za ka bincika. Tsoron nan naka ya riga ya ba ka amsa, ka tashi ka bar wurin.